Kiran Hafizu Bayan La'asar

"Wallahi Yaya Barmo ban haukace ba! Sunanshi ne ke fitowa!"

"Mansura, ki ji tsoron Allah. Da hannuna na sa Hafizu cikin rami."

Ta kau da kai daga yayan nata, ta ƙanƙame oba-oba, ƴar rediyon kira ta hannu, a ƙirjinta. Asibitin da take aikin ungozoma a Agiye ne ya raba musu su, guda wurinta, guda wurin mijinta mai tuƙa motar marasa lafiya. Duk wanda ya kira, sunansa kan fito a ɗan gilashin. Kwana tara ke nan da motarsa ta kife a hanyar Gazawa, ana tsakiyar hayaniyar zaɓen da sojoji za su miƙa mulki. Amma kullum bayan la'asar, lokacin da ya saba kiranta, sai abin ya yi ƙara: HAFIZU. In ta saurara, numfashi kawai take ji, a hankali, a hankali.

Yau kuma za ta mayar da oba-obar asibiti, Barmo ya wuce da ita garinsu Cadakori ta yi takaba. Ina kuma za ta zauna? Inna Salamatu, uwar Hafizu, ba ta taɓa son auren ba, ko ranar zaman makoki ba ta dube ta ba.

Suna ɗaure kaya abin ya yi ƙara. Barmo ya leƙa, ya ga sunan, igiya ta suɓuce masa.

"Innalillahi... kashe shi!"

"A'a!"

Numfashin ya zo. Ta danna maɓalli.

"Masoyina... in kai ne, yi mani magana."

Maganar ba ta shiga ba. Mai kiran bai saki nasa maɓallin ba, kuma muddin yana danne, ba ya jin kowa. Hafizu kuwa, Allah ya ji ƙansa, da wannan yake tsokanarta kullum, wai ta saki ta bar wani ya yi magana. Ba zai yi wannan kuskuren ba.

Sai ga wata murya, tsohuwa, dusasshiya:

"Auta... ka ci abinci?"

Mansura ta gane muryar Inna Salamatu, tana kiran autanta Hafizu. Ashe jandarma sun haɗa oba-obarsa cikin kayan da suka kai wa uwarsa. Tsohuwar ta sha ganin yana danna wurin yana magana, ba ta san ana saki ba.

"Na dama maka fura, ga ta nan ta yi tsami... Auta, ni kaɗai ce cikin gidan nan."

Mansura ta toshe baki tana kuka, tana jira, har yatsan tsohuwar ya gaji. Shiru ya zo. Ta danna da sauri.

"Inna, ni ce Mansura. In kin gama magana ki saki, za ki ji ni. Inna... bai tafi duka ba. Ciki gare ni, wata uku."

Ta saki. Babu komai. Barmo ya sunkuyar da kai.

Abin ya yi ƙara, ya katse, ya sake yi.

"Ɗiyata..." in ji tsohuwar. "Ke kin ci abinci?"

"A'a, Inna."

"To taho. Sabuwa zan dama."

Barmo ya share ido da hannun riga, ya ɗauki jakarta.

"Tashi," ya ce. "Cadakori ta jira."