Sunan da Namadi Ya Fara Bugawa

Namadi mai buga tafireta ne a bakin tashar Kaura Namoda, mutum mai hannu da sauri, mai zuciya da ta fi hannun sauri. Da kwamfuta ta fara shigowa gari, sai ya sayo wata tsohuwa, ta ƙi tashi. Maimakon ya nemi mai gyara, sai ya naɗe ta a bargo ya nufi wani boka can bayan Zurmi.

Tsakar rana ce, amma kogon kukar da bokan ke zaune duhu ne baƙi ƙirin. Ƙahonni rataye, tukunya baƙa tana ta zufa, ƙarnin jini ya cika wurin.

"Mi kaka so?" in ji boka.

"Ta tashi. Kowa ya bugo aiki wurina, duniya ta buɗe mai, ni ma ta buɗe man."

"Abin da hannunka yaf fara bugawa, nawa na."

Namadi har da murmushi. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Aka yanka baƙin bunsuru, aka shafe gindin na'urar da jini. Kafin ya isa gida ya shirya kalmar banza da zai buga. To amma mai tafireta yana da al'ada: kowace safiya da sunan da ya fi so yake gwada haruffa. Gilashin na'urar yana kawo haske, murna ta ɗebe shi, yatsunsa suka yi abin da suka saba. Yalwa. Sunan ɗiyarsa tilo.

Ya goge da sauri, ya ce a ransa ai ba komai.

Arziki ya zo kamar ruwan Agusta. Daga Shinkafi har Dauran ake zuwa ana layi a shagonsa. Kafin kaka, Yalwa ta kwanta ba zazzaɓi ba ciwon kai, ta daina amsa kira, ta cika. Uwarta Lauratu ta zautu, ta shiga bin kasuwa tana tambayar mutane wa ta haifa.

Da Namadi ya kira Pam mai gyara ya buɗe na'urar, sai ga cikinta ƙurmus, alhali tana aiki. Ya ja baya. "Mu in abu na aiki ba mu san dalili ba, tsafi muke ce masa, da wasa. Malam, wannan ba wasa ba ne."

Namadi ya farfasa ta da taɓarya, amma ina. Yau yana zaune a gindin bangon tasha yana buga yatsu a ƙasa, abin tausayi. Duk mai kwaɗayin abin da ba ya son sanin asalinsa, ya je ya gan shi tukuna.