Wanda Ya Goge Idon Madubi

Sufeto ya binciki satar mota, ya binciki satar shanu, har satar ƙofar gida ya taɓa bincika. Amma bai taɓa zuwa inda aka ce masa abin da aka sace ba ya ganuwa da ido ba, sai ran Litinin ɗin nan.

Daga jami'a aka kira. An fasa tagar wani ɗakin bincike cikin hutun ƙarshen mako. Shi da Sajensa suka tarar da wata mata a bakin ƙofa, sanye da farar rigar aiki, idanunta sun yi jawur. Ɗalibar digirin digirgir ce. Mutanen sashen suna ce mata 'Yar Duhu, don ba a samun ta ko'ina sai a ɗakin madubin hangen ƙwayoyin halitta.

"Me aka ɗauka, malama?"

"Ƙwayoyin halitta, ranka ya daɗe. Masu rai."

Ta buɗe masa wani akwati mai kama da firji, sai dai shi ɗumi yake fitarwa. Babu komai a ciki. A nan take renon su, cikin 'yan faya-fayen roba, a wani ruwa ja-ja wanda shi ne abincinsu. Ta ce shekaru ta ɓata kafin ta liƙa wa wani sinadari mai suna furotin da ke fatar ƙwayar alama mai ƙyalli. In an haska shi da shuɗin haske cikin duhu, sai ya yi kore shar, a ga inda yake da inda ya nufa.

"Ba ki da wasu a ajiye?"

"Na ajiyar sun lalace bara da firiza ta mutu. Waɗannan kaɗai suka rage. Ƙarshen makon nan masu jarrabawa za su zo, sun ce hoto bai ishe su ba, sai sun gani da idonsu." Ta rufe akwatin. "In ba ɗumi, ba abinci, 'yan kwanaki za su yi su mutu. In sun mutu, ni ce maƙaryaciya."

Sufeto ya ji tausayinta, amma tausayi ba ya kama ɓarawo. Ya ce ta kai shi inda ta yi aiki da su na ƙarshe.

Ɗakin madubin ƙarami ne, babu taga, an rufe ƙofar da baƙin labule. Madubin hangen ƙwayoyin na zaune a kan tebur, an lulluɓe shi da rigarsa tsaf. 'Yar Duhu ta tsaya cak.

"Ba haka na bar shi ba."

"Yaya kika bar shi?"

"A buɗe. An kira ni cewa ɗana ba lafiya, na fita a guje. Faifai ɗaya ma a kansa na bar shi, cikin ɗan ɗuminsa." Ta yaye rigar, ta sunkuya ta duba idon madubin. "Mukan ɗiga masa mai kafin mu duba. Ban goge ba. Ga shi yanzu fes."

A kwandon shara Sufeto ya tsinto wata 'yar takarda mai laushi, an ninke ta gida huɗu, da tabon mai a tsakiya.

Saje ya yi dariya. "Oga, wannan ɓarawon ɗan gidan mutunci ne. Ya yi sata, ya yi shara."

Sufeto bai yi dariya ba. Wanda ya shigo ta taga a firgice ba ya tsayawa goge gilashi. Tagar nan don a ruɗe masu bincike irinsu aka fasa ta.

Na farkon da ya zauna da shi wani ƙaramin malami ne, dogo, mai saurin baki. Kowa ya san ba sa ga maciji da 'Yar Duhu, kullum suna faɗa kan wa zai hau madubi.

"Ina kake ran Asabar?"

"Gida, wallahi. Ko ƙofa ban leƙa ba."

"Mai gadi ya ce ya ga motarka."

Da ƙyar dogon ya amsa cewa ya shigo, amma ofis ya nufa, yana rubuta takardar neman aiki a wata jami'ar, ba ya so a sani.

Sufeto ya ajiye masa takardar mai tabon mai. "Kai ka goge madubin?"

"Ni?" Sai ya fashe da dariya, har da dukan cinya. "Yallaɓai, da ina goge madubi da na huta da faɗan Baba. Duk sashen nan ba mai gogewa. Sau nawa ya kore mu a kan haka!"

Baba shi ne Farfesa, wanda ya kafa ɗakin binciken, kuma shi ke duba aikin 'Yar Duhu. Tsoho ne siriri mai kaurin tabarau. Ya karɓe su a ofishinsa da fara'a, tsakanin tulin littattafai.

"Yarinyar nan 'yata ce," in ji shi. "Abin ya taɓa ni ƙwarai."

"Yaushe rabonka da ɗakin madubi, Farfesa?"

"Na daɗe. Idon ya tsufa, na bar wa yara."

"Me aikinta ya gano ne, har masu jarrabawa suke son gani da ido?"

Tsohon ya cire tabarau yana gogewa a hankali. "Ƙananan abubuwa ne, Sufeto. Ba za su dame ka ba."

A hanyar fita Sufeto ya sake tambayar 'Yar Duhu. Ta ce tun kafin a haife ta Baba ya rubuta cewa furotin ɗin nan a kafe yake, ba ya motsi. Da wannan ya yi suna, da shi ake karantar da ɗalibai. To, a zamaninsa sai an sandarar da ƙwaya da magani kafin a duba ta. Ita kuwa da ransu ta duba su, ta ga furotin ɗin na yawo abinsa.

"Ya ji haushi?"

"Ko kusa. Shiru kawai ya yi. Ranka ya daɗe, kar ma ka kawo Baba a ranka. Shi ya koya mini riƙe faifai."

Sufeto ya kwana da maganar. Ya san mutum na iya yafe wa wanda ya zage shi, amma da wuya ya yafe wa wanda ya gyara shi. Sai dai zato ba hujja ba ne, kuma ba a jan dattijo zuwa caji ofis don ya iya tsafta.

Da suka dawo ran Laraba, suka iske 'Yar Duhu gaban firji riƙe da kwalbar jan ruwan nan, tana juya ta.

"Ni kaɗai ke amfani da irin wannan," ta ce. "Ba ni da ƙwayoyin da zan ciyar tun da aka yi satar. Amma ya ragu."

Sufeto ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta sama.

"Malama, ƙwayoyinki na nan da rai. Wani na ba su abinci. Akwai wani akwatin ɗumin a ginin nan?"

"Sai tsohon da Baba ya fara aiki da shi. Ya ƙi a zubar. Yana ɗakin ajiyar da ke cikin ofishinsa."

Farfesa bai hana su shiga ba. A bayan wasu kwalaye tsohon akwatin yake, yana 'yar ƙara ƙasa-ƙasa. Sufeto ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya ji ɗumi. Da ya buɗe, ga faya-fayen nan a jere, ruwansu ja, sabo.

'Yar Duhu ta toshe bakinta da hannu. "Baba?"

Tsohon ya zauna a kan wani kwali, kamar an zare masa laka.

"Na ɗauke su ne in zuba musu ruwan kashe ƙwayoyi," ya ce. "Ga kwalbar can, ko murfin ban buɗe ba. Na ce gobe. Goben ta zo, na ga ruwansu ya fara zama rawaya, alamar yunwa. Sai kawai na ga hannuna yana canza musu."

"Madubin fa?" in ji Sufeto.

"Kafin in ɗauke faifan da ta bari a kai, na ce bari in leƙa sau ɗaya, in tabbatar ta yi kuskure." Ya yi murmushi mai ciwo. "Na daɗe ina kallo. Suna yawo, 'yata. Gaskiyarki ce. Duk rayuwata gawa nake kallo, ina cewa ba ta motsi. Da na gama, wallahi ban ma san na goge ba."

"Hali zanen dutse," Saje ya faɗa a hankali, wannan karon ba da wasa ba.

"Da ka ce in jira, Baba, da na jira," in ji ta, hawaye na zuba. "Da ka ce mu rubuta tare, da na fi kowa murna."

Kansa kawai ya sunkuyar.

Sufeto ya gaya masa laifinsa, fasa taga da sata, ya ce su tafi. Saje ya taɓa ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Bai ji daɗin kamun nan ba ko kaɗan, kuma bai ɓoye wa kansa ba.

Sun kai bakin ƙofa sai tsohon ya waiwaya. 'Yar Duhu ta ɗauko faya-fayen a kan tire.

"Rufe su da wani abu, haske na cinye musu ƙyalli," ya ce, da muryar da ya saba yi musu faɗa. "Na gefen hagun nan sun cika, ki raba su yau. Kada ki kai wa mutane aikin da bai yi kyau ba."

"To, Baba," ta ce.

Ta cire farar rigarta ta lulluɓe tiren. Sai da ya ga ta rufe shi ruf, sannan ya juya ya bi Sufeto.