Shaidar Aranka

"Faɗuwa ya yi?!" na daka wa ɗan sandan tsawa. "Mutum ya faɗo daga keke har ido ya fashe, haƙarƙari uku su karye?"

Ko ɗago kai bai yi ba.

"Ku 'yan ƙabilar Roma ba kwa rabo da rigima. Wuce gida."

A gabana fa aka yi! Ranar Lahadi da tsakar rana, samari huɗu masu baƙaƙen riguna suka tare Tibor, saurayina, yana tura kekensa. Da sarƙa suka rufe shi, suna ihun ƙasar Hungary ba ta ƙazamai ba ce. Biyu daga cikinsu ajinmu ɗaya a firamare.

Ina isa gida Baba ya tare ni.

"Aranka, ki kama bakinki! So kike su ƙone mu? Zancen auren ma a bar shi, duk wanda ya raɓi yaron nan ya shiga uku."

Sati guda ya hana ni fita.

Ashe Piroska, 'yar kawuna da ta daɗe tana son Tibor, kullum tana asibiti da farfesun kaza. Ranar da na samu na sulale, yana ganina ya juya fuska bango.

"An ce ba za ki iya zama da mai ido ɗaya ba..."

"Wa ya ce?"

"Piroska."

Na riƙo fuskarsa da bandejin da komai.

"Masoyina, kalle ni! Su suka fasa maka ido, kuma ni zan hukunta ka?"

Ya fashe da kuka.

Na samo wata lauya, na tsaya gaban alƙali na nuna samarin da yatsa. Iyayensu suna bayana suna tsaki. Biyun da na sani aka ɗaure shekara bibbiyu, sauran suka fita suna dariya.

Shekara biyu, a kan idon mutum!

A bakin kotu na ga Baba, hula a hannu. Ashe ya saurari komai.

Ranar ɗaurin aurenmu, makaɗa suka ce a zagaya ta bayan gari zuwa coci, kamar yadda mu 'yan Roma muka saba don gudun fitina.

Baba ya kama hannuna, ya kama na Tibor.

"Ta babban titi za mu bi," ya ce. "Ku ƙara sautin gogen nan!"