Fuskar Alhaji Mudi a Aljihun Baya

Nazifa ta fara ganin Jafaru ne a tashar Ƙauran Namoda, ranar da ruwan sama ya jiƙa katin asibitin kakarta. Yana zaune da tsofaffin fastocin zaɓe jibge a gabansa, yana ninke su suna zama 'yan jakunkunan ajiye kati da takardu. Ya karɓi katin, ya ninka nan, ya tusa can, ba gam ba zare, sai ga gida har da murfi.

"Lambar wayata na ciki," in ji shi, "ko da murfin zai lalace."

Ta galla masa harara. Amma kafin motarsu ta isa Zurmi ta haddace lambar.

Daga nan waya ba ta sake hutawa ba. "Sanyin idona, yau na ninke takarda a karkace, tunaninki ya ja min." Ita kuwa ta mayar: "Mai ninki na, ka bar ɗora min laifin hannunka."

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Nagoggo. Tun da ya tsaya takarar kansila Alhaji Mudi ya kayar da shi, bai sake furta sunan mutumin ba, sai dai "wancan". Kuma ya fi son ta auri Zaharaddeen mai shagon waya a Shinkafi, saurayin da turarensa ke riga shi shiga zaure, hirarsa kuma ba ta wuce yabon kansa. Nazifa ko ƙarar mashin ɗinsa ta ji sai ranta ya ɓaci.

"Mai ninke takarda?" Malam ya taɓe baki. "Ai gara mai tsire, shi ko banza akwai nama cikin tashi takardar."

Da ƙyar ya yarda Jafaru ya zo gaisuwa. Jafaru ya kawo masa tsarabar jakar katin zaɓe, ninki mai kyau. Malam ya buɗe ta da yatsu biyu kamar mai taɓa ƙazanta. Daga ciki sai ga rabin fuskar Alhaji Mudi, haƙora waje, yana masa murmushi.

"Ni za ka kawo ma wancan har cikin zaurena? Tashi ka hita!"

Nazifa ta sha kuka, ta tura saƙo cikin fushi: "Duk fastocin duniya ka rasa wadda za ka ninke sai wannan?"

Amsa ta zo: "Wallahi ban lura ba, sanyin idona. Fastocin Alhaji Mudi sun fi kauri, shi ya sa su kaɗai nake ɓamɓarowa daga bango. Duk ɗan acaɓan Ƙaura da irin jakar yake yawo."

Ta share hawaye. Ta dama fura, ta kai wa mahaifinta, ta durƙusa.

"Baba, ka san inda 'yan acaɓa ka aje jakar katinsu?"

"Mi ya dame ni?"

"Aljihun baya. Tun daga Ƙaura har Galadi, kullum bisa huskar wancan suka zaune."

Malam ya tsaya da ludayi a hannu. "Bisa huskatai?"

"Har da gargada, Baba. Kuma babu hotonai ko guda da ya rage ga bango, Jafaru ya kwashe."

Dariyar da Malam ya yi sai da ya ƙware. Da ya samu numfashi ya ce, "Yaron ga na da tarbiyya. Ki ce ya turo magabatanai."

Zaharaddeen ya ji labari ya ce dama shi bai shirya ba. Babu wanda ya tambaye shi.

An ɗaura aure bayan Juma'a. Maimakon kalandar biki, jakunkunan ango aka raba wa jama'a. Alhaji Mudi ma ya zo, don ɗan siyasa ba ya ganin taro ya wuce. Malam Nagoggo ya tashi da kansa, ya miƙa masa ɗaya hannu bibbiyu.

Mudi ya jefa a aljihun baya bai ko buɗe ba. "Madalla! Allah shi ba su zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba."

Saƙon Jafaru ya iske Nazifa a ɗaki cikin lulluɓi: "Matata, an ɗaura. Kuma duk cikin masu cewa amin, babu muryar da ta kai ta Babanki."