Daskarau a Rijiya ta Tara

Buhu huɗu na daskarau. Tiyo mai tsawon mita sittin. Fitila biyu, igiya ɗaya, tukunyar iska uku. Gafiya, na'urar shiga rami, a cikin akwatinta. Sai ƙoƙon duma, wanda ba ya cikin takardar kaya, Baba Jatau ne ya rataye shi a ƙugu.

Kejin da ke sauke su cikin Rijiya ta Tara ya wuce mita ɗari uku yana ta sauka. Hasken hantsi da suka baro a sama ya zama kamar ƙwayar gero. Injiniya Barira Tanimu tana duba lambobi a allon da ke ɗaure a hannunta. Baba Jatau yana tauna goro.

Shekara sittin ke nan da kogunan Birnin Tsauni suka ƙafe. Tun daga lokacin, mutum miliyan biyu suke sha daga rijiyoyi goma sha biyu, kowace da famfonta mai girman ɗaki, duk suna ja daga tafki guda da ke can ƙasa wanda ake kira uwar ruwa. Matsalar ita ce kanwa. A saman ruwan daɗi akwai jijiyoyin ruwan kanwa, kuma duk inda bangon rijiya ya tsage sai su tsiyayo ciki. Siminti na gargajiya ba ya kama wuri a cikin ruwa mai gudu, kafin ya bushe ruwan ya wanke shi.

Barira ce ta kawo maganin. Daskarau gari ne mai launin toka. Idan ya taɓa ruwa yakan zama dutse cikin daƙiƙa arba'in, kuma ba ya tsayawa a bakin tsagar. Ƙwayoyinsa suna tsotse ma'adinin da ruwa mai gudu yake kawo musu, su gina kansu da shi, su bi jijiyar suna toshe ta har inda ta faro. Idan ruwa ya daina motsi, abincinsu ya yanke, cikin kwana tara sai su mutu. Kwana goma sha biyu da suka wuce ta zuba shi a Rijiya ta Shida. Kanwar ta ɗauke a take, aka yi mata tafi a majalisar birni.

"Kin ci abinci kuwa, 'yar nan?" in ji Baba Jatau.

"Na sha shayi, Baba."

"Shayi. To Allah ya sa kar ki faɗo mini. Bayana ya daina ɗaukar injiniyoyi."

Shi ne na ƙarshe cikin tsofaffin mahaƙa rijiya da ke iya sauka. Dokar Hukumar Ruwa ta ce ba a shiga rijiya sai da mahaƙi. Matasan ofis sun daɗe suna son a soke ta, ba wanda ya samu lokacin rubuta takardar.

Kejin ya tsaya a mita ɗari huɗu da ashirin, a kan dandamalin ƙarfe. Ta hagu ga tsagar, tsawon hannu, ruwan kanwa yana fitowa yana barin farin tabo a bango. Ta dama, ƙasa kaɗan, ga idon ruwan daɗi yana zuba cikin kwarin da famfo ke ja. Barira ta buɗe akwati. Gafiya ta fito a kan ƙafafunta shida, ta ɗauki bakin tiyo, ta nufi tsagar. Aikinta ta shige da tiyon mita biyu ciki kafin a saki garin.

Baba Jatau bai kalli na'urar ba. Ya tsuguna, ya yi bismilla, ya kamfaci ruwan kanwa da ƙoƙonsa, ya kurɓa, ya tofar. Haka mahaƙa suke yi, ba sa taɓa bango sai sun ɗanɗana kowane ruwa da ke wurin. Ya matsa ga idon ruwan daɗi ya kamfata. Wannan karon bai tofar ba. Ya juya ruwan a baki, sannan ya zaro wani abu daga tsakanin haƙoransa ya murza da yatsa.

"Yaushe kika zuba tokarki a nan?"

"Ban zuba ba tukuna. Ga buhunan a ɗaure."

"To wani ya riga ki."

Ta haska fitila. A gefen idon, inda ya kamata a ga jan dutse, akwai wani zare mai launin toka, kaurin ɗan yatsa, ya zagaye bakin ramin. Ta kankare shi da wuƙa ta ɗora a allonta. Allon ya ba ta lambar buhun da ta zuba a Rijiya ta Shida.

"Ba zai yiwu ba," ta ce. "Kilomita huɗu ne tsakani. Kuma jijiyar kanwar Shida ba ta haɗu da ruwan daɗi a ko'ina ba. Ga taswira."

"Wa ya zana ta?"

"Na'ura. Daga bayanin mahaƙa tamanin, har da naka. Kowace rijiya da kuka haƙa a shekara hamsin tana ciki."

"A wane lokaci ake haƙa rijiya?"

Ta sake duban taswirar.

"Da rani," ya amsa wa kansa. "Mahaukaci ne kaɗai ke haƙa da damina, ƙasa ta rufta masa. Da rani ruwa yana ƙasa, kowace jijiya tana hanyarta. Da damina yakan taso su gauraya ta sama, kanwa da daɗi. Kowane mahaƙi ya san haka. Amma yaran da kuka turo da abin ɗaukar magana cewa suka yi mu faɗi abin da muka gani da idonmu. Mu kuwa da rani muka gani."

Yau sha bakwai ga Satumba. An yi ruwan sama shekaranjiya.

Barira ta kira Gafiya ta fasa aikin, ta tura ta cikin idon ruwan daɗi. Hoton ya dawo a allon. Mita uku ciki, ramin ya ragu da rabi. Ta auna, ta jira minti goma, ta sake aunawa. Lissafin bai da wuya. Idon zai toshe cikin kwana uku. Daga nan daskarau zai bi gudun ruwan zuwa inda ya faro, kamar yadda ta koya masa, wato uwar ruwa. Abin da ke sa ruwan gudu kuwa famfuna ne.

Ta kira Darakta Sambo Ƙaura na Hukumar Ruwa ta rediyo ta faɗa masa komai a jimla biyar.

"Me kike so a yi?" ya tambaya.

"A kashe famfunan duka goma sha biyu, yallaɓai. Kwana tara."

"Tankunan birni na kwana huɗu ne, Injiniya."

"Idan aka koma bokiti biyu kowane gida daga yau, za su kai."

"Da asibitoci? Da masana'antu? Kin san abin da za a yi a layin famfo ran kwana na shida? Ki hawo. Kwamiti zai zauna ran Litinin."

"Litinin kwana huɗu ne."

"Ke ce kika rantse mana da wannan abin a gaban majalisa. Yanzu kuma in ɗauki maganar tsoho da ƙoƙo?"

"Ki gaishe shi," in ji Baba Jatau, yana ɗaure bakin tiyo. "Ki ce masa mai ƙoƙon ya haƙa rijiyar gidan ubansa."

Ta kashe rediyon. Suka mayar da buhunan huɗu cikin keji, ba a kwance ko ɗaya ba. Hawan ya ɗauki minti goma sha ɗaya. Barira ta tuna shekara bakwai da ta yi tana gwada garin a cikin bututun gilashi, inda ruwa ke bin hanya ɗaya rani da damina.

"Za su kore ki," in ji tsohon.

"Za su yi."

"In kuma lissafinki na kwana taran ma da rani kika yi shi fa?"

"Wannan na gwada shi sau ɗari biyu, Baba. Amma in ka ga dama, ka sauko kullum ka ɗanɗana."

"Da ma zan sauko."

A sama rana ta take. Motocin tanki sun yi layi a bakin ƙofa, direbobi suna gardamar wanda ya riga zuwa. Ɗakin gaggawa yana gefen rijiyar, ƙaramin gini marar taga. A cikinsa akwai hannun ƙarfe ja guda ɗaya da ke yanke wutar famfunan birni gaba ɗaya, an yi shi domin ranar girgizar ƙasa. Mabuɗinsa yana wuyan duk injiniyan da ke bakin aiki. Yau Barira ce.

Ta shiga, ta kama hannun da hannu biyu, ta ja. Gunjin famfunan da mutanen Birnin Tsauni suka tashi suna ji a ƙarƙashin ƙafafunsu ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Direbobin suka daina gardama.

Ta fito, ta ja ƙofar, ta kulle, ta miƙa wa Baba Jatau mabuɗin. Ya jefa shi cikin ƙoƙo ya rataya a ƙugu. Rediyon hannunta yana ta kuka. Ta kunna.

"Barira Tanimu ce, yallaɓai. Ni na kashe, a rubuta sunana. Ba famfon da zai tashi sai tsohon nan ya ce ruwan ba toka."