Hoton Kanari

"Ba zan sauke shi ba!"

Muryar Auta ta daki rufin tsohon zauren taron ta dawo. Masu fenti suka tsaya cak da buroshi a hannu.

Yaya Babba, wan saurayinta, ya zare tabarau a hankali.

"Yarinya, da ni kike?"

"Da kai nake, Yaya, kuma ba raini ba ne. Hoton nan ba nawa ba ne, na gari ne."

"Uwarmu ce ta gari?"

Ta kalli bangon. A hoton, wata matashiya ce a kan dandamali, baki buɗe, hannu a sama, zaure cike har matakala. A ƙasa Auta ta rubuta da hannunta: Kanari, mawaƙiya.

Zauren ya girmi iyayen Auta. A nan majalisar gari ta riƙa zama, a nan aka yi dambe da wasan kwaikwayo da yaye ɗalibai. Shekarar ambaliya, a nan mutane suka fake da 'ya'yansu. Da aka gina sabo a bayan gari aka garƙame wannan, ya zama siton karyayyun kujeru da gidan tattabaru. Yanzu za a mai da shi gidan tarihi, kuma Auta aka ba aikin jera hotunan. A nan ta haɗu da Kafinta, mai gyaran katakon dandamali, har magana ta kai gaban manya.

Ba ta san ko wace ce Kanari ba. Shi ma bai sani ba. 'Yar Gayu, 'yar kawunsa da dangi suka so ya aura, ita ta leƙo ganin aiki, ta gane fuskar mahaifiyarsa ce, ta ɗauka a waya ta tura wa kowa. Ta ƙara da cewa da gangan Auta ta yi, don ta shiga gidan da kan kowa a ƙasa.

"Ki saurare ni," in ji Yaya Babba. "Idan aka buɗe wurin nan hoton yana bango, ki manta da ƙanena."

Ya fita, takalminsa na ƙara.

Da la'asar ta tarar da Kafinta a durƙushe yana goge katako, garin itace har cikin girarsa.

"Zuciyata..."

"Kar ka zuciyata ni!"

"To, hantata."

Ta kusa yin dariya, ta danne.

"Ki sauke shi kawai," ya ce a hankali. "A yi biki, ƙura ta lafa, ki mayar. Wa zai sani?"

"Ni zan sani! Wato mu fara aure da ɓoye mahaifiyarka a sito, cikin karyayyun kujeru?"

"Yaya ya ce in kwance shi da kaina. Na ce masa hannuna na ciwo."

"Ni ba mai ciwon hannu nake so in aura ba. Mai cewa a'a nake so."

Ya ajiye abin gugar. Ya daɗe yana shafa katakon, wanda ƙafar uwarsa ta taka tun ba a haife shi ba.

"Auta, in tambaye ki?"

"Tambayi."

"Yaya bai tambayi Umma ba kafin ya ce a sauke. Ke kin tambaye ta kafin ki ce ba za a sauke ba?"

Ta juya ta fita.

A hanyar gida tambayar ta ƙi sakinta. Ta ɗauka gaskiya take karewa. Amma gaskiyar tana da fuska, kuma mai fuskar tana raye, tana jin kunya ko alfahari, ba wanda ya sani. In ta sauke, ta yi wa gari ƙarya. In ta bari, wataƙila ta tona abin da mai shi ta rufe da hannunta. Ta yi kuka, amma ba ta taɓa hoton ba.

Ranar buɗewa, tun da hantsi zaure ya fara cika. Yaya Babba na tsaye a bakin ƙofa, 'Yar Gayu na gefensa tana fifita da takardar gayyata.

Sai ga Kafinta, riƙe da hannun wata dattijuwa mai sanda.

"Kai! Wa ya ce ka kawo ta?"

"Ita ta ce."

"Mai da ta gida!"

"A'a, Yaya."

Auta ta ji kalmar daga inda take.

Umma ba ta kalli kowa ba. Ta taka har gaban hoton, ta tsaya. Sannan ta juyo wajen Auta.

"Ke ce mai taurin kan?"

Auta ta durƙusa. "Ni ce, Umma."

"Wa ya ba ki izinin rataye ni kamar kalanda?"

"Ba kowa... Na yi kuskure da ban zo gare ki ba. In kin ce in sauke, yanzu zan sauke. Amma ke kaɗai za ki ce."

"Gwaggo, kin ga irin..." 'Yar Gayu ta fara.

"Ke kuma mai waya, rufe min baki. Ko gaishe ni ba ki zo yi ba, amma kin kai ni gari-gari."

Wani daga cikin masu fenti ya tuntsire da dariya, ya wayance da tari.

"Umma, mutuncinki nake karewa," in ji Yaya Babba. "Mutane za su ce..."

"Me za su ce? Na yi waƙa? Na yi! Ubanku ne ke ja min labule, mijina, da aurena. Da ya rasu na daina, don ba na iya kallon gefen dandamalin nan in ga wani. Baƙin ciki ne ya rufe min baki, ba kunya ba. Kai ka girma ka sa masa wani suna."

Ta ɗaga sanda ta nuna tsakiyar hoton.

"Matso nan. Sa tabaraunka. Dubi yadda rigar nan ta ɗaga ta gaba."

Ya matsa. Ya duba.

"Kai ne a ciki. Duk lokacin da aka yi tafi sai ka harbe ni. In za a sauke ni, tare da kai za a kai siton."

Dariya ta ɓarke a zauren. Yaya Babba bai yi ba. Ya tsaya yana kallon rigar, daga ƙarshe ya rufe fuska da tafin hannu.

Umma ta miƙa wa Auta hannu.

"Tashi, 'yata. Hoto ya zauna. Amma ki sani, a gidana masu taurin kai biyu za su zama, kuma ni ce babba."

"Na yarda, Umma," ta ce, hawaye na zuba.

Kafinta ya raɗa mata a kunne, "Kin ji na ce a'a?"

"Na ji, masoyi. Kar dai ka saba faɗa min ita."

A zauren aka yi liyafar aurensu, shagalin aure na farko bayan shekarun da ya yi a rufe. Ana tsaka da hidima Umma ta ce a kama mata hannu ta hau dandamali. Aka nemi mai jan labule, aka rasa.

Yaya Babba ya tuɓe rigarsa ta sama, ya naɗe hannun riga, ya kama igiyar.