Kaset ɗin da ke Cikin Rediyon Hajja Kaka

"Ina rediyon Hajja Kaka?"

Yasmin ta tsaya ƙyam a bakin ƙofa. A kan kantar da tsohuwar rediyon kakarta ke zama tun kafin a haife ta, wata sabuwar sifika ce baƙa wuluk take ta ƙyafta shuɗiyar fitila.

Abdulnasir, saurayinta da ake shirin sa musu rana, ya miƙe yana murmushi.

"Canji na yi wa kakarmu, masoyiyata. Waccan ai ta gaji, sai gurnani. Na ba mai gwangwan..."

"Ka ba wa?!"

Hajja Kaka na zaune a gefe. Carbi kawai take ja, hawaye na bin kuncinta.

Yasmin ta ce, "Yaya Nasir, akwai kaset a ciki! Murfin ya maƙale shekara da shekaru, ba ya fita!"

Zamanin da babu wayar hannu, in mutum ya yi nisa, kaset yake ɗauka ya ba matafiyi ya kawo gida. Alhaji Kyari, kakan Yasmin, ya aiko nasa daga Makka ta hannun alhazan Kazaure. Bai dawo ba, can aka binne shi. Muryarsa ke nan da ta rage a duniya.

"Wallahi ban sani ba... Rahamatu ce ta ce min Hajja ta daɗe tana son sabuwa."

Rahamatu! 'Yar Kawu Kaumi ɗan Hajja Kaka, wadda ta san zancen kaset ɗin sarai, ta kuma daɗe da ɗora ido a kan Abdulnasir.

Da labari ya kai wa Kawu, sai ya ɗaure fuska tamau.

"Yaro bai shigo gida ba ya fara zubar mana da tarihi? A dakata da maganar sa rana."

Yasmin na son Abdulnasir kamar ranta, amma ita ba mai lallashi ba ce.

"Kada ka sake kirana sai da rediyon a hannunka."

Ta shige ɗaki ta sha kukanta.

Shi kuwa ya hau babur ya bi sawu. Mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafan nan, ya ce ya sayar a Roni. Na Roni ya ce an wuce da ita Gwiwa. Ranar kasuwa ya tsince ta a teburin wani mai shayi, ya fanshe ta. Ya iso Kazaure cikin ruwan sama, farar shaddarsa ta koma jar ƙasa, rediyon na naɗe cikin babbar rigarsa kamar jariri.

Yasmin ta dube shi, zuciyarta ta cika fal da alfahari. Wannan ɗan gayun da ko ƙura ba ya bari ta hau takalminsa!

"Sannu, abin ƙaunata..." ta faɗa a hankali.

"Mu kwashe muryar a kwamfuta kafin zaren kaset ɗin ya tsinke," in ji shi. "Ga tawa sabuwa, manhajar Windows ce a kai."

"A'a. Tsohuwar ta Baba zan ɗauko."

"Wadda kika ce sabuwar Windows ta yi mata nauyi?"

"Na daɗe ina waswasi, yanzu na zaɓa. Manhajar Linux na sa mata a madadinta, tana tashi garau. Kuma tana da ramin wayar da rediyon ke buƙata."

"Ranki ya daɗe, na bi."

Ba a banza ta karanci kwamfuta ba. Ta kwance bayan rediyon, ta canza robar da ta saki, ta goge kan da ke karanta zaren da auduga, shi yana riƙe mata kusoshi a tafin hannu. Aka taru a ɗakin Hajja Kaka, har da Kawu. Rahamatu dai ba ta iya leƙowa ba. Yasmin ta jona rediyon da kwamfutar, ta danna.

"Assalamu alaikum, mutanen gida..."

Muryar ta fito tas. Ya gai da kowa, babba da yaro. Sai Hajja Kaka ta miƙa hannu da sauri.

"Kashe! A nan nake tsayar da shi in da mutane."

"Haba tsohuwa, in na tsayar sai an sake daga farko, zaren kuma ba zai jure ba," in ji Yasmin.

Muryar Alhaji Kyari ta yi ƙasa-ƙasa.

"Halimatu... wannan naki ne ke kaɗai. Na ga Ka'aba, na gode Allah. Amma kullum na zauna cin abinci sai na juya in ba ki labari."

Hajja Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska. Kawu ya sunkuyar da kai, don bai taɓa jin mahaifinsa ya kira sunan mahaifiyarsa ba.

Can ta share ido ta ce, "Kaumi."

"Na'am, Hajja."

"Yaron nan ya je har Gwiwa ya dawo min da mijina. Ka aika wa iyayensa."

Abdulnasir ya matso ya raɗa wa Yasmin, "Ni ma zan ɗaukar miki nawa kaset ɗin."

Ta harare shi, idonta cike da ƙwalla.

"Ba na so. Kai dai ka dawo gida kullum, ka faɗa min da bakinka."